Injin Kawu da ya shekara goma bai ga ruwa ba

 Yau ba maganar farashin hatsi ko ta taki na zo da ita ba, maganar gidanmu ce. Na daɗe ina juya ta a raina, sai da na tambayi mai labarin, ya ce mini: "Rubuta, Mushe. Wataƙila wani shi ji, shi tsira da ɗansa."

Duk wanda ya taɓa shiga gidan kawuna ya ga wani abu jingine a bayan rumbu, naɗe cikin tsohon tamfol, an ɗaure shi da igiyar rama. Baƙi kan zaci injin ban-ruwa ne. Ba shi ba ne. Injin jirgin ruwa ne, Yamaha mai doki 25, a garin da gulbi ba ya wuce 'yan watannin damina yana gudu. Shekara kusan goma, duk ranar Juma'a in an sauko daga masallaci, Kawu zai kwance tamfol, ya goge ƙura, ya ɗiga mai, ya ja igiyar a hankali don kada cikin ya kama, sannan ya mayar ya ɗaure. Mu na baya har dariya muke yi masa a ɓoye.

Mu ba masunta ba ne, manoma ne kaka da kakanni. Yunwar 1984, wadda tsofaffi ke kira El Buhari, ita ta fitar da Kawu daga gida. A 1985 ya bi wani ɗan garinmu zuwa Tafkin Cadi, yana saurayi, ko iyo bai iya ba. Lokacin nan ɓangaren tafkin da ke cikin Nijar ya ƙafe ƙaf. Ruwan da a 1963 ya kai faɗin murabba'in kilomita 25,000 ya tsuke har bai kai kashi ɗaya cikin goma na da ba. Sai suka bi shi inda ya gudu, Doron Baga a Najeriya, daga baya Darak. Can ya koyi jefa birgi, da shimfiɗa kalli, da ɗana mamari, da yin banda. Yana Darak aka yi shari'ar iyaka tsakanin Najeriya da Kamaru, kotun duniya ta yanke hukunci a 2002, a ƙarshen 2003 Najeriya ta janye daga wurin. Kawu kan ce: "Mun kwanta Najeriya, mun tashi Kamaru, tabarmata ko motsi ba ta yi ba."

Da ruwa ya komo arewa, sai ya dawo tsibiran da ke gefen Bosso, cikin ƙasarsa. A 2009 ya haɗa abin da ya tara ya sayi injin nan. Daga ranar ya daina zama mai su kawai. Yana ɗauko kwalayen banda daga tsibirai ya kai kasuwar Doro Lelewa, ya komo da fulawa da sukari da gishiri da fasinja. Tafiyar da mai sanda ke yi yini guda, shi kafin azahar ya je ya dawo. Da kuɗin injin nan aka yi wa innarmu ɗaki na kwano, da shi aka riƙe ni har na fito makarantar horon malamai. Ke nan in na ce injin Kawu, ni ma ina cikin waɗanda suka ci guminsa.

Akwai wata leda da Kawu ke ajiyewa cikin akwati, ya fi kula da ita bisa katin zaɓensa. Da yake ni ne ɗan lakwal na gidan, ni ya sa na karanta masa abin da ke ciki wata rana. Takardu ne sun fi ƙarfin ƙirga. Ga permi na kamun kifi na Nijar da hatimin ma'aikatan gandun daji, shekara bayan shekara. Ga na Cadi da Faransanci da Larabci. Ga na Najeriya da Turanci, ga na Kamaru. Ga rasit na ƙungiyar masu jirage. Ga kuma wasu 'yan guntaye da aka rubuta da biro, babu hatimi, babu sunan ofis, sai adadin kuɗi kawai. Na ce: "Kawu, duk wannan na mutum ɗaya ne?" Ya ce: "Na ruwa ɗaya dai." Ya bayyana mini cewa cikin tafki babu allo, babu dutse da ke nuna iyaka. Takardar wata ƙasa tana mutuwa ne daidai inda jirgin sintirin wata ƙasar ya tare ka. Tun 1964 ƙasashen huɗu suka kafa Hukumar Tafkin Cadi, amma kowace ta riƙe takardarta. Bayan wannan kuma, ko kana da takarda goma, ba ka kafa bukka a tsibiri sai bulaman wurin ya nuna maka inda za ka kwana.

Sauran labarin da yawanku kun ji shi a rediyo. Ranar 6 ga Fabrairun 2015 Boko Haram ta kai hari Bosso da Diffa. Aka kafa dokar ta-ɓaci a jihar, aka hana hawa babur, aka hana cinikin kifi da na tattasai, don a toshe hanyar da 'yan bindiga ke samun kuɗi. Ranar 25 ga Afrilu aka kai mummunan hari tsibirin Karamga, sojojinmu da dama suka rasu. Bayan 'yan kwanaki hukuma ta ce kowa ya bar tsibirai. Dubban mutane suka kamo hanyar Ngigmi, da yawa a ƙasa, cikin zafin bazara. Kawu na cikinsu, shi da matarsa da 'ya'ya. Jirgi, da kalli, da kwalayen banda, duk can aka bar su. Injin kaɗai ya tsira, don ya tarar yana wajen makanike a Ngigmi, farfela ta karye. Shi ya ɗoro bisa babbar mota, tafiyar kusan kilomita 900, ya sauke a ƙofar gidan da ya bari shekara talatin da suka wuce.

A 2019 aka ɗage haramcin kamun kifi, wasu abokansa suka koma. Shi ya ƙi. Ya ce yanzu wanda zai shiga can ciki inda kifi yake, sai ya biya masu bindiga su ba shi izini, in ya fito kuma a tambaye shi ina ya kwana. "Takardar da in ka riƙe ta soja shi kama ka, in ba ka riƙe ta ba wancan shi kashe ka, wannan ba takarda ba ce, likkafani ne."

To amma Kawu na da ɗa, taubashina, wanda aka haifa a tsibiri. Yana da shekara 14 aka taso. Yaron nan ya yi noma don dole, amma in kun ga yadda yake riƙe hauya kun san ba abinsa ba ne. Bayan daminar 2024, wadda ruwanta ya yi ɓarna ƙwarai a Maraɗi, sai saƙonnin murya suka fara shigo masa ta WhatsApp daga abokan ƙuruciyarsa: ruwa ya cika, kifi ya samu, jirgi akwai, inji ne babu. Wata rana bayan sallar isha'i ya durƙusa gaban ubansa ya ce a ba shi injin. Kawu bai ce uffan ba, ya tashi ya shiga ɗaki. Sati biyu ba su ci tuwo a kwano ɗaya ba.

Matar Kawu ce ta same ni da dare. Ta ce: "Mushe, kai ka yi boko, ka yi wani abu. Yaron ga in an hana shi injin, tahiya zai yi babu shi. Ni na ga abin da na gani hanyar Ngigmi, ba ni son in koma jiran labari." Na kwana ina tunani. Da asuba sai Madarunfa ta faɗo mini. Na ce ai ga tafki nan cikin jiharmu, me zai kai mu Cadi? A ɗora inji, a yanki takarda, yaro ya riƙa ɗaukar 'yan yawon buɗe ido da masu ziyara, magana ta ƙare. Haka na ɗauki abin, kamar lissafin allo.

Ga wanda bai taɓa zuwa ba, tafkin Madarunfa yana kudu da Maraɗi, tafiyar kamar kilomita 25, ba nisa da iyakar Najeriya. Gulbin Gabi ne ke zuba cikinsa, in kuma Gulbin Maraɗi ya cika ya batse, yakan ƙara masa. Gulbin Maraɗin nan shi ne namu: daga ƙasar Katsina ya taso, ya bi ta madatsar Jibiya, ya shigo Nijar, ya wuce Maraɗi da Tsibiri, ya ratsa bayan garinmu, ya sake komawa Najeriya ya haɗu da Rima. In damina ta yi kyau tafkin kan kai wajen hekta 800, da rani ya janye sosai. A gefensa akwai gandun daji da kaburburan waliyyai 99 da ake kai wa ziyara. Tun 2006 Nijar ta sa wurin cikin jerin waɗanda take neman UNESCO ta karɓa a matsayin kayan tarihin duniya, kuma a Disamban 2019 aka shigar da tafkin cikin yarjejeniyar Ramsar mai kare tafkuna da fadamu.

Cikin Janairun 2025, da sanyi, muka ɗora inji bisa motar kasuwa, mu uku. Tun kafin Tsibiri aka tsayar da mu a shinge. Jami'in ya ɗaga tamfol, ya dubi injin, ya dube mu. "Baba, wannan fa? Ina za a kai shi?" Kawu ya zaro ledarsa, ya laluba, ya miƙa rasit ɗin 2009, ya yi ja don tsufa amma lambar injin na nan a jiki. Jami'in ya gwada da lambar da ke jikin ƙarfen, ya ce mu wuce. Sau uku aka yi mana haka kafin mu isa. Jarkar fetur da na saya kuwa, a Maraɗi muka bar ta wajen wani ɗan uwa, don direba ya ce shi ba ya nufar iyaka da inji da jarkar mai a mota ɗaya. A nan na fara gane cewa lissafina na da gyara.

Ƙofa ta farko da muka buga ta hukuma ce. Ma'aikacin da muka tarar ya ba Kawu kujera, ya saurare ni har na gama jawabina. Sannan ya ce: "Bon, Mushe, bari in raba maka abin. Permi da muke bayarwa na kamun kifi ne, na mutum ne, shekara guda yake yi. Ba takardar inji ba ce, ba ta ɗaukar fasinja ba ce." Ya ce tun dokar kamun kifi ta 1998 abin da aka fi tsananta a kai shi ne su da guba, da abin fashewa, da lantarki, da raga mai ƙananan ido da ke kwashe 'ya'yan kifi. Ya ce yaron in yana so ya yi su, ya kawo katin ɗan ƙasa da hoto, a yi masa. Sai ya juya wajen Kawu: "Amma Baba, kai ka san ruwa fiye da ni. Takardata ba ta sa mutum cikin jirgi. Ku je ku ga masu ruwan."

Ƙofa ta biyu ke nan. Muka tarar da sarkin ruwa bakin tafki yana ɗinkin raga, dattijo siriri, ƙafafunsa sun yi fari don tsagewar sanyi. Bayan gaisuwa da goro, ni da rawar kaina na fara: ruwa na ƙasa ne, mu 'yan ƙasa ne, babu wanda zai hana ɗan Nijar neman abinci a tafkin Nijar. Ya bar ni na gama. Ya ce: "Malam, ba ni hana ka. Amma gani ya kori ji. Ku shigo."

Ya sa mu cikin kwale-kwalensa, ya kama sanda. Ba mu yi nisa ba ya fara nuna mana 'yan guntayen takalmin soso da gorunan roba da ke yawo bisa ruwa. Ni da na zaci shara ce. Ashe kowane alama ce ta kalli ko mamarin wani, kuma kowa ya san nasa. Ya soka sandarsa ya zaro, ya nuna mini inda laka ta tsaya: wurare da yawa ruwan bai wuce ƙirjin mutum ba. Ya nuna ciyawar gefe, ya ce nan karfasa da tarwaɗa ke ƙwai, can kuma tsuntsayen da ke zuwa da sanyi ke sauka. Sannan ya ce: "Wanga inji naku, kahin shayi shi tafasa ya ƙetare tafkin ga ya komo. In ya bi sau ɗaya, kallin mutum nawa zai yanke? Wa zai biya? Kuma man da zai sha, kihin yini bai sayen shi." Na buɗe baki zan yi gardama, Kawu ya dafa gwiwata. Ya ce: "Sarki, Allah shi ba ka nasara, gaskiyarka." Daga nan bai sake magana ba har muka fito. Taubashina kuwa ya haɗe rai, ni kuma kunya ta rufe ni.

Niyyata mu juya gida ranar. Kawu ya ce a'a, shi yana so ya kwana bakin ruwa ko da dare ɗaya ne, ya shekara goma bai ji warinsa ba. Na ce ai sai mu shimfiɗa tabarma gindin waccan bishiyar. Sarkin ruwa ya yi dariya, ya ce wannan kuma ƙofa ta uku ce, ya haɗa mu da yaro ya kai mu wajen mai gari. Mai gari ya karɓi katunanmu ya duba, ya tambayi garinmu da wanda ya san mu, ya kira waya ya sanar da jami'an tsaro cewa yana da baƙi uku. Ya ce mu kwana a zangon masunta, kada mu ware. Kada mu hura wuta cikin gandun daji. Kada mu nufi kudu bayan magariba, ko da akuyarmu ce ta ɓata.

Ban ji haushi ba, don mu 'yan Gidan Rumji ba sai an yi mana bayani ba. Tun 2019 muke karɓar 'yan uwanmu da suka gudo daga Sakkwato da Zamfara da Katsina, ga su nan Garin Kaka da Ɗan Daji Makau da Cadakori. Mun san satar mutane da ta shanu a garuruwan iyaka, mun san abin da ake faɗi kan dajin Baban Rafi. A irin wannan zamani, baƙo uku da inji da ba wanda ya san da su, kwance a daji kusa da iyaka, ko dai su gamu da mugu, ko a ɗauke su su ne mugayen. Da can sallamar mai gari ladabi ce. Yau ita ce ke raba mutum da harsashi.

Muka kwana a zango. Masunta suka ba mu tabarma, muka ɗaura gidan sauro jikin turaku, aka gasa karfasa da ƙuli da barkono, aka ɗora shayi. Sanyi na bakin ruwa daban yake, har cikin ƙashi. Mutanen wurin na cewa wasu darare akan ga haske wajen kaburburan waliyyai. Mu dai fitilun masu duba mamari muka gani, suna yawo can tsakiyar ruwa. Taubashina ya juya mana baya ya lulluɓe da bargo.

Dare ya raba, na ji Kawu ya ce: "Mushe, ka yi kwana?" Na ce a'a. Ya ce: "Ka san mi ya sa na yi shiru ga maganar Sarki? Shekarar da na sayi injin ga, wani dare na taso daga kasuwa da lodi, ina sauri. Na ji farfela ta ci wani abu, inji ya shaƙe. Da na haska, kalli ne, sabo hul. Na san mai shi, wani dattijo ne Buduma, da sanda shika tuƙi. Na sa wuƙa na yanke, na wuce. Da sahe na gan shi bakin ruwa shina jawo guntaye, har munka gaisa. Ban hwaɗi ba. Na ce in na samu sarari sai in saya mishi wani. Ban samu ba har anka tashe mu." Ya yi shiru, sannan ya ce: "Ku kuna ganin ina goge inji don ina son shi. Duk Juma'a in na kwance tamfol, tsohon nan nika tunawa."

Ban san taubashina na ji ba. Sai da asuba, bayan mun yi salla, na ga ya naɗe ƙafar wando ya bi masunta ba tare da ya ce wa kowa komai ba. Muna tsaye muka hango shi a goshin kwale-kwale, ya karɓi birgin wani, ya juya ya watsa. Ragar ta buɗe kamar faifai, ta sauka ba ƙara. Sarkin ruwa da ke gefenmu ya ce: "Wanga ba koyo shika yi ba. Ina anka haife shi?" Kawu ya ce: "Cikin ruwa." Sarki ya ce to in yana so ya zauna, akwai wanda zai riƙe shi a matsayin ɗan gida, ya yanki permi, ya shiga ƙungiya, ya bi ƙa'idar da kowa ke bi: inda aka ce a bar wa kifi, a bar masa, ranar da aka ce ba a shiga, ba a shiga.

Injin kuma, Kawu da bakinsa ya ce a sayar. Wani makanike a Maraɗi ya wanke shi, ya canza abin da ya bushe, ya haɗa mu da mai saye daga Gaya, inda kogin Kwara ke da zurfin da inji zai yi aiki. Aka cika duro da ruwa, aka tsoma ƙafar injin, aka zuba lita ɗaya. Kawu ya ce shi zai ja. Ja na huɗu ya tashi. Mai saye ya ce ya isa, ya ji, a kashe. Kawu ya ce a'a, a bar shi sai litar ta ƙare. Haka muka tsaya cikin hayaƙi da ƙara, mutane na taruwa, har ya mutu don kansa. Kuɗin bai kai abin da muka zata ba, amma ya sayi kwale-kwalen katako na hannu, da kalli, da permi, ragowar aka haɗa aka sayi ƙaramin injin ban-ruwa da Kawu ke lambu da shi a fadamar gulbi. Ya kuma ware wani abu ya kai masallaci, ya ce sadaka ce ga wani mutum da yake bin sa bashi.

Kada in yi muku ƙarya in ce komai ya daidaita. Abin da yaron ke samu a Madarunfa bai kama ƙafar abin da abokansa ke faɗi na Cadi ba. Masuntan wurin da kansu na kukan yashi da laka na cike tafkin, kifi na ƙanƙancewa, ruwan kuma ya dogara ga damina da abin da ya gangaro daga ƙetaren iyaka. Har yanzu saƙonnin nan na shigo masa, kuma na san yana saurare. Amma duk sati biyu yana zuwa gida da kifi a kwali, uwarsa na ganinsa da idonta.

Ga abin da na koyo, don samarinmu da ke shirin tafiya wani ruwa, ko Cadi ne, ko Kwara, ko nan kusa. Ku riƙe rasit ɗin duk abin da kuka saya mai lamba, ko ya shekara ashirin. Ku yanki permi a ofis, da sunanku, ku karɓi shaida mai hatimi, kada ku shiga da na wani. Ku sani takardar Nijar ba ta aiki a ruwan wata ƙasa, kuma cikin ruwa ba a ganin iyaka sai an ƙetare ta. Kada ku sa jirgi, balle inji, sai kun gaida masu ruwan kun ji ƙa'idarsu. Kada ku kwana a daji ko tsibiri ba da sanin mai gari ba. Wurin da kuma aka ce izininsa na hannun mai bindiga, ku bar shi, kifin duniya bai kai ran mutum ba.

Ga hukuma kuma roƙo ɗaya gare ni. A riƙa faɗin kuɗin permi da sharuɗɗansa a gidajen rediyonmu, da Hausa, kafin lokacin su ya kama. Mutumin da ya san abin da doka ta ce ya biya, ba a cika ba shi guntuwar takarda marar hatimi ba.

Juma'ar da ta wuce na leƙa gidan Kawu. Bayan rumbu babu komai sai shatin inda injin ya jingina. Na tarar da shi a zaure da ledarsa, ya ce in karanta masa wata sabuwa da ya sa a sama. Kwafin permin ɗansa ne. Na karanta masa sunan, da garin, da shekarar. Ya ce in sake. Na sake, ya ninke ya mayar.

Allah Ya zaunar da iyakokinmu lafiya, Ya tsare na ruwa da na tudu, Ya maido da waɗanda ke nesa gida cikin aminci. Wanda ya karanta, ya karanta wa wanda bai iya ba. Sai wani jiƙon.